Ka sa AC, ka ɗora a status, to ruwan fa ina zai bi?

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, wani abokina ya fasa asusunsa ya sa AC a ɗakinsa, irin mai kai biyu ɗin nan, ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ranar mun sha kallo a status. Damina na kankama sai ga kiransa da asuba, murya a sanyaye: ruwa ya kwana yana ɗiga daga AC ɗin, kuma daidai kan laftof ɗin da yake cin abinci da ita. Da aka duba, injin lafiyarsa ƙalau. Tiyon fitar da ruwa ne aka shimfiɗa ba daidai ba.

Daga ina ma ruwan yake fitowa? Ka ga yadda gorar ruwan sanyi ke gumi idan ka fito da ita daga firij? Haka cikin AC yake. Laimar da ke cikin iska tana taɓa ƙarfe mai sanyi, ta zama ruwa, ya taru a wani ɗan faranti, ya bi tiyo ya fita. Da bazara iskarmu a bushe take, shi ya sa kuskuren ke ɓoyewa. A Agusta kuwa, AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kan iya zubar da lita ɗaya ko fiye a awa guda.

Yawancin irin wannan AC ba su da famfon tura ruwa, gangara kawai ruwan ke bi. Don haka ranar da mai haɗawa ya zo, ajiye wayar ka tsaya a kansa. Ramin da zai huda a bango ya ɗan sunkuya ta waje. Tiyon ruwa ya kasance a ƙasan sauran bututun idan an naɗe su tare. Ya riƙa gangarawa aƙalla santimita 1 a kowace mita 1, babu tudu, babu lanƙwasa, babu inda ya yi ciki kamar igiyar shanya. Kan da ke ɗaki kuma ya zauna daidai, kada ya karkace. Kafin ka biya cikon kuɗi, ka ce ya zuba ruwa kofi biyu a farantin, ku fita ku ga ya fito da idonku. Idan ɗakin ba shi da hanyar gangara, akwai ɗan famfon da ake sakawa domin wannan aikin.

Sai bakin tiyon. Kada ya nutse cikin bokiti ko kwata, ruwan zai ƙi tafiya. Kada a cusa shi kai tsaye a sokawe, wari zai biyo shi har kan gadonka. Kada kuma a bar shi yana tsiyaya a jikin bango: fenti zai kumbura, gansakuka ta fito, mai gida ya cire a kuɗinka. In bangon maƙwabci ne ko lungun da mutane ke wucewa, ka sayi rigima da kuɗinka, ga sauro kyauta.

Ruwan nan ba na sha ba ne, ya kwaso ƙura da ƙwayoyin cuta. Amma yana ban ruwan shuka, yana goge tsakar ɗaki.

Duk mako biyu ka wanke ragar tace iska, musamman bayan hunturu, domin ƙurar nan ce ke zama taɓo ta toshe hanya. Ka riƙa leƙa bakin tiyon ma, zanzaro na son yin gini a ciki.

Abokina dai ya gyara laftof, ya mayar da teburinsa ɗaya ɓangaren. Kai ma duba yanzu: me ke ƙarƙashin naka AC ɗin?