Tallafin Noma a Turai: Kuɗi Na Zuba, Tsuntsaye Na Ƙarewa

Tun 1962 ƙasashen Tarayyar Turai ke da tsari na bai ɗaya na tallafa wa manoma, kuma har yau shi ke lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin kuɗin Tarayyar. Daga 2021 zuwa 2027 an ware masa kimanin Yuro biliyan 387. Duk da wannan maƙudan kuɗi, tsuntsayen gonakin nahiyar sun ragu da fiye da rabi tun 1980. Cikinsu har da wata kurciya da ke tsallako Sahara kowace shekara ta fake a Sahel idan sanyi ya sauka a Turai.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen rabo. Yawancin kuɗin bisa faɗin gona ake biyansa, mai babbar gona shi ke da kaso mai tsoka. Manomin da ya yi feshi har ƙwarin da tsuntsaye ke ciyar da 'ya'yansu suka ƙare, bai yi asarar sisi ba.

A 2013 an ɗaura kashi 30 cikin ɗari na tallafin kai tsaye a kan sharuɗɗan kare muhalli. Da masu binciken kuɗin Tarayyar suka duba a 2017, sai suka tarar yadda ake noma bai canza ba sai a kusan kashi 5 cikin ɗari na filaye. A 2024 kuma, da manoma suka toshe titunan Brussels da taraktoci, aka janye dokar barin kashi 4 cikin ɗari na gona ba shuka. Dokar da aka ɗora wa mutum bai so, ai ba ta yin ƙarko.

A ganina, dabarar tana wurin makiyayan Burren, wani yanki mai duwatsu a yammacin Ailan. Can al'ada ce a hau da shanu tudu lokacin sanyi su cinye busasshiyar ciyawa, furanni su samu sarari da bazara. In an daina, sarƙaƙiya ta mamaye wurin. A tsarin tallafin da aka gudanar a can har zuwa 2022, maimakon a jero wa makiyayi dokoki, sai a zo duk shekara a zaga filinsa, a duba tsirrai, ruwa da yanayin kiwo, a ba shi maki cikin goma. Gwargwadon makinsa, gwargwadon kuɗinsa. Yadda zai ɗaga makin kuwa, shi ya san filinsa, ba wanda zai gaya masa ranar fito da shanu.