Masarautar Zamunda: a fim tana Afirka, a takardar haraji tana Jojiya

Duk wanda ya kalli fim ɗin barkwanci na Coming to America ya san Zamunda, masarautar nan ta Afirka mai arziki wadda Yarima Akeem ya baro domin neman matar aure a Amurka. Babu ƙasa mai wannan suna a taswira. Amma fadar da aka nuna a kashi na biyu na fim ɗin tana nan daram, kuma mai neman ta sai ya nufi garin Fayetteville da ke kudu da birnin Atlanta, a Jihar Jojiya.

Kashi na farko, wanda John Landis ya ba da umarni, ya fito a 1988, Eddie Murphy da Arsenio Hall ne jaruman. An raba aikin ɗaukarsa tsakanin New York da Los Angeles, inda kamfanin Paramount ya gina ɗakunan fadar. Ko a New York ɗin ma an yi wa masu kallo 'yar dabara. Labarin ya ce a unguwar Queens Yarima ya kama hayar wani ɗaki mai kama da kango, alhali ginin yana Brooklyn. Gidan abincin McDowell's kuwa, inda ɗan sarki ya riƙa goge daɓe, reshen Wendy's ne na gaske a kan titin Queens Boulevard, aka sauya masa kwalliya. An daɗe da rushe shi.

Bayan shekara 30 da ɗoriya aka dawo da labarin. An fara ɗaukar Coming 2 America a watan Agustan 2019 ƙarƙashin Craig Brewer, kuma a wannan karon Jojiya ta kwashe kusan komai, har da yawancin wuraren da aka ce Queens ne. Fadar Zamunda gidan mawaƙin gambara Rick Ross ne, katafaren gini mai ɗakuna sama da 100 wanda a da mallakin zakaran damben boksin Evander Holyfield ne. Wani sashe na aikin kuma an yi shi ne a Tyler Perry Studios, wanda aka kafa a tsohon barikin soja na Fort McPherson.

Ba kyan gari ne ya kai su can ba, lissafi ne. Tun 2008 dokar Jojiya ta tanadi rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 ga kamfanin da ya kashe aƙalla dala 500,000 wajen shirya fim a jihar, da ƙarin kashi 10 idan ya sa tambarin jihar a cikin fim ɗin. Gishirin dokar shi ne ana iya sayar da rangwamen. Kamfanin da hedikwatarsa ke Kalifoniya ba shi da wani babban haraji da zai biya a Jojiya, don haka sai ya sayar wa masu biyan haraji a jihar da takardar a farashi mai sauƙi, ya karɓi tsabar kuɗi. Kafinta da tela da direba da mai otal na Atlanta su sami aiki, furodusa ya mayar da kusan sulusin abin da ya kashe a can.

Tsarin bai tsira daga suka ba. A wasu shekarun abin da jihar ta yafe ya haura dala biliyan 1, kuma a 2020 ofishin binciken kuɗi na jihar ya ce an zuzuta amfanin da ake cewa shirin yana kawowa, sannan sa ido a kansa ya yi rauni. Mai rubuta wa minista takardar shawara kan jawo masu shirya fim zai fi ƙaruwa da wannan rahoto fiye da tallar da jihar ke yi wa kanta. A Afirka, Maroko da Afirka ta Kudu sun daɗe da nasu tsarin mayar wa baƙin kamfanoni wani kaso na kuɗin da suka kashe.

Abin da Afirka ta samu a fim ɗin shi ne fuska da sutura da sauti. Ruth E. Carter, wadda ta ci kyautar Oscar da kayan Black Panther, ita ta tsara tufafin. Nomzamo Mbatha 'yar Afirka ta Kudu ta fito a matsayin Mirembe. Annobar korona ta hana a nuna fim ɗin a sinima yadda aka tsara, sai Amazon ya saye shi ya sake shi ranar 5 ga Maris, 2021. A wurin bikin auren da ke ƙarshensa Davido ya rera waƙarsa Assurance, kuma shi kam ba baƙo ba ne a wajen: a Atlanta aka haife shi, a 1992.