Kuɗin doka da kuɗin diyya: wanne ya fi nauyi?

A Amurka, hukumomin ’yan sanda sun kusa 18,000, kowace da ikonta na ɗaukar ma’aikata. Shi ya sa ɗan sandan da aka sallama a wannan gari saboda mugun hali yakan tsallaka gari na gaba ya sake sanya kaki. Duk lokacin da aka kawo ƙudurin toshe wannan kafa, tambayar farko a majalisa ita ce: nawa zai ci?

Gaskiya doka tana cin kuɗi. A 2021 jihar Kalifoniya ta zartar da dokar da ta ba hukumar kula da ƙa’idojin aikin ɗan sanda ikon ƙwace takardar shaidar aiki daga wanda ya tafka babban laifi. Aiwatar da ita ya buƙaci ƙarin ma’aikata sama da 100 da fiye da Dala miliyan 20 a shekara. Dole a ɗauki masu bincike, a adana bayanai, a kuma saurari ɗaukaka ƙara, don kada a rufe wa wanda aka kora bisa zalunci ƙofar cin abinci. Wannan kuɗi sananne ne, yana rubuce a kasafi, ana iya bin sawunsa.

Rashin tantancewa kuwa, lissafinsa sai bayan jana’iza yake fitowa. A 2014 wani ɗan sandan Cleveland ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12 da ke wasa da bindigar roba. Tun a 2012 wata hukumar ta rubuta cewa mutumin bai cancanci aikin ba, amma waɗanda suka ɗauke shi ba su duba fayil ɗinsa ba. Birnin ya biya diyyar Dala miliyan 6. A jihar Illinois, ɗan sandan da ya kashe Sonya Massey a cikin gidanta a 2024 ya yi aiki da hukumomi shida cikin shekara huɗu. Gundumar Sangamon da ta ɗauke shi aiki ta amince da biyan Dala miliyan 10.

Duka kuɗaɗen biyu daga aljihun jama’a suke fitowa. Na farko yana sayen kariya ga kowa, na biyu kuwa ba ya dawo da rai, ba ya kuma dawo da amanar da ta zube tsakanin unguwa da ’yan sandanta. Rigakafi ya fi magani. Majalisar da ta ƙi irin wannan doka don gudun tsada ba ta yi tattali ba, ta ɗora wa talakawanta bashin da za su biya da dukiya da kuma rayuka.