Da Wa Yaronka Yake Magana a Cikin Gem?

Iyaye da yawa in sun ga yaro ya duƙufa kan waya, abin sauraro a kunne, yana ta "Ku zo nan! Ga shi can bayan gini! Ku tashe ni!", sai su ɗauka da na'ura yake surutu. Alhali mutane ne masu rai a ɗaya ɓangaren, suna jin sa, yana jin su. Kiran waya ne sosai, sai dai irin wanda ba ya neman lamba, ba ya cin kati, kuma ba ya barin suna a jerin kiraye-kirayen da uba zai iya dubawa.

Wasannin da samarinmu suka fi bugawa a waya duk da wannan hanya suke zuwa. Free Fire, na kamfanin Garena da ke Singafo, ya fito a 2017. PUBG Mobile ya biyo baya a 2018, Call of Duty Mobile kuma a Oktoban 2019. Tsarinsu kusan ɗaya ne: a jefa mutum 50 ko 100 a fili guda, a raba su tawaga-tawaga, galibi huɗu-huɗu, tawagar da ta rage a raye ita ta ci. Wanda bai zo da abokai ba, manhajar ce ke haɗa shi da duk wanda ta samu. A gefen allo akwai 'yar alamar makirufo da ta lasifika. Da an taɓa, hira ta buɗe. Abin ba sabo ba ne, don tun 2002 Microsoft ya sayar da tsarin Xbox Live haɗe da abin kunne mai makirufo. Abin da ya sauya shi ne, da sai mai akwatin wasa mai tsada, yanzu kuwa waya mai sauƙin kuɗi da datar 'yan ɗaruruwan naira sun isa.

A yi adalci, abin yana da amfani. Ba a cin wasan tawaga da bebanci, kuma yaron da ke hira da 'yan ajinsu ko ɗan baffansa da ke wani gari bai yi laifin komai ba. Matsalar tana wajen baƙi, da kuma yadda kamfanoni suka daɗe suna barin ƙofar a buɗe tun daga farko.

Wannan ba zargi ba ne na 'yan bakin titi. A Disambar 2022, hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince da biyan dala miliyan 520. Miliyan 275 daga ciki tara ce ta keta dokar kare sirrin yara 'yan ƙasa da shekara 13, sauran miliyan 245 kuma na mayar wa mutanen da aka yaudara suka sayi abin da ba su yi niyya ba. Cikin ƙorafin hukumar har da cewa kamfanin ya bar hirar murya da ta rubutu a kunne, yana haɗa yara da manyan da ba su sani ba, har yara suka sha zagi, barazana da maganganun batsa. Ta ce ma'aikatan kamfanin da kansu sun ja hankalin shugabanninsu tun 2017, aka yi ta jan ƙafa. Hukumar ta tilasta wa kamfanin rufe muryar ga yara har sai an buɗe da gangan. A Agustan 2024 kuma Turkiyya ta toshe wasan Roblox baki ɗaya, tana mai kafa hujja da kare yara.

Akwai wani ɓangare da ba a cika tunawa da shi ba. Makirufo ba ya zaɓe. Muryar yaro yake ɗauka, amma yana haɗawa da ta uwar da ke kiran sunansa daga tsakar gida, da ta uban da ke waya kan kuɗin da za a turo ko tafiyar da zai yi gobe, da ta ƙanwar da ke faɗin sunan makarantarsu. Mu da muka gina zaure don kada baƙo ya zarce cikin gida ba sallama, ga shi mun bar baƙi uku suna sauraren tsakar gidan har tsakar dare. A wannan zamani da masu garkuwa da mutane ke cin moriyar masu kai musu rahoto, ba sai an tsaya yi wa kowa bayanin abin da ke tattare da sanin unguwar mutum, sana'ar mahaifinsa da lokacin da yake fita ba. Kuma yaro ba ya jin yana tona asiri. Hira ce kawai: "Kai ɗan ina ne? Wace unguwa? Babanka me yake yi da ya saya maka wannan wayar?"

Mugun mutum ba ya farawa da mugunta. Yana farawa da yabo, ya ce yaron gwani ne, ya cece shi a fagen daga, ya tura masa kyautar kuɗin wasa, UC a PUBG ko dayamon a Free Fire. Bayan kwanaki sai ya ce hirar nan ba ta da daɗi, su koma WhatsApp ko Telegram ko Discord. Daga nan ne ake neman hoto, ko lambar sirrin asusu, ko lambar da aka turo ta saƙon waya wai don a zuba dayamon kyauta. Duk wanda ya nemi wannan lambar, ɓarawo ne, ko da muryarsa ta fi zuma.

Wani abu da ya faru a Ingila ya kamata kowane uba ya sani. Yaro ne ɗan shekara 14 a yankin Surrey, yana cikin wani rukunin 'yan wasa da ke hira ta murya a intanet. Mai jagorantar rukunin, ɗan shekara 18, ya yi ta cika masa baki cewa shi babban injiniyan kwamfuta ne mai hulɗa da gwamnatin Amurka, yana kuma zuga shi ya bijire wa iyayensa. Uwar ta lura ɗanta ya canza, ta kira 'yan sanda a Disambar 2013, ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. Iyayen suka ƙwace kayan wasan. Sai mutumin ya aika wa yaron waya a ɓoye. A Fabrairun 2014 ya yaudare shi zuwa gidansa a Essex, ya kashe shi. Kotu ta yanke wa mutumin ɗaurin rai da rai, aƙalla shekara 25. Abin lura a nan shi ne, ƙwace na'ura kaɗai bai raba su ba, domin a lokacin baƙon ya riga ya fi iyaye shiga zuciyar yaron.

Zagi kuwa ya zama ruwan dare, har wasu na ɗaukarsa wani ɓangare na wasan. Yarinya in ta buɗe baki aka ji muryar mace, sau da yawa shi ke nan an bar wasa an koma kanta. Kada kuma mu yi kamar 'ya'yanmu kullum su ake zalunta. Ashar ɗin da wasunsu ke ɗurawa a can, da an ji shi a gida da an sha mamaki.

Kamfanonin sun fara ɗaukar mataki, amma a san iyakarsa. PlayStation 5 na ba mutum damar tura guntun murya na daƙiƙa 40 daga hirar minti 5 da ta gabata idan zai kai ƙara. Xbox ya kawo irin wannan a 2023, na daƙiƙa 60. Fortnite ma tun Nuwamban 2023 yana riƙe minti 5 na ƙarshe saboda ƙara. A watan ne kuma Activision ya shigar da wata manhaja mai suna ToxMod cikin Call of Duty: Modern Warfare III, wadda ke sauraren hira tana tsamo cin zarafi. Da Turanci ta fara, daga baya aka ƙara harsuna irin su Sifaniyanci da Fotugis. To, wanda ya yi wa ɗanka barazana da Hausa, ko ya yaudari 'yarka da habaici da zaurance, wa zai kama shi? A ganina, mai jiran wani kamfani a Kalifoniya ya tsare masa yaro da Hausa zai daɗe yana jira.

Abin da za a iya yi a gida bai kai wahalar da ake zato ba. A wayar Android, a shiga saiti, a nemi jerin manhajoji, a taɓa sunan wasan, a shiga wajen izini, a hana shi makirufo. Wasan zai ci gaba da aiki, muryar gidan ce kawai ba za ta fita ba. Ga ƙaramin yaro, wannan shi ne daidai, a kuma kashe lasifikar hira a cikin wasan don kada ya ji ta wasu. Manhajar Family Link ta Google na taimaka wa iyaye su kula da irin waɗannan izini daga tasu wayar. Wayoyin Android 12 zuwa sama suna nuna ɗan koren ɗigo a saman allo duk lokacin da makirufo ke aiki, iPhone kuma ɗigo mai ruwan lemo. Uwar da ba ta iya karatun boko ba ma za ta iya gane wannan.

Saurayin da ya fara hankali kuwa, hana shi gaba ɗaya ba zai yi ba, zai je ya ari wayar aboki. Gara a yi yarjejeniya: murya ta tsaya tsakaninsa da waɗanda ya sani ido da ido, a zaɓi tawaga kaɗai maimakon kowa da kowa, kada ya yi wasa da sunansa na gaskiya, kuma wani lokaci ya cire abin kunnen ya buga a falo inda ake ji. Uba ya zauna kusa ya tambaya: "Wannan mai maganar wane ne? A ina ka san shi?" In yaro ya fara kame-kame, ko yana rage murya da an shigo, ko kayan wasa masu tsada sun bayyana ba a san wanda ya biya ba, a bincika.

Ranar da yaro ya zo da kansa ya ce wani ya dame shi, kada a fara da mari ko ƙwace waya, don in aka yi haka gobe ba zai faɗa ba. A ɗauki hoton allo mai nuna sunan mutumin da lambarsa ta wasa kafin a toshe shi, a kai ƙara ta cikin wasan, a sauya lambar sirri. Idan abin ya kai ga barazana, neman kuɗi ko neman hoton tsiraici, kada a biya ko sisi, kada kuma a goge saƙonnin. A tafi da wayar wurin 'yan sanda, domin a Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan irin waɗannan laifuka.