Kakar Tseren Keke ta Ƙwararru da Gurbin Yammacin Kano a Cikinta

Kakar tseren keke ta ƙwararru, wato jerin gasannin da manyan mahaya na duniya suke fafatawa a kan kwalta daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, tana gudana ne a ƙarƙashin Hukumar Tseren Keke ta Duniya, wadda aka fi sani da UCI, aka kuma kafa ta tun 1900, hedikwatarta tana garin Aigle na ƙasar Suwizalan. Rukunin da ya fi kowane daraja a wajen maza shi ne WorldTour, mai ƙungiyoyi 18, kuma kakarsa takan buɗe a watan Janairu a Ostireliya, ta biyo ta tseren yini guda da ake yi a Beljiyam da arewacin Faransa a kan hanyoyin da aka daɓe da duwatsu, sannan ta rufe a watan Oktoba a Italiya da ƙasar Sin. A tsakiyarta ne ake yin manyan zagaye uku, na Italiya a watan Mayu, na Faransa a watan Yuli, na Sifaniya kuma daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, kowannensu yana cin mako uku, an kasa shi zango 21, zango kuwa shi ne tafiyar yini guda wadda ake lissafa lokacinta a haɗa da na sauran kwanaki, har a fitar da wanda ya fi kowa ƙarancin lokaci.

Abubuwa biyu ne suka fito fili a kakar 2024 da ta 2025, kuma ko da yake a ido kamar ba su da alaƙa, tushensu ɗaya ne. Na farko shi ne tattaruwar nasara a hannun mutane ƙalilan, domin Tadej Pogacar, ɗan ƙasar Sulobeniya, ya haɗa zagayen Italiya da na Faransa da gasar zakarun duniya a 2024 kaɗai, abin da mutum biyu ne kawai suka taɓa yi kafinsa a ɓangaren maza, Eddy Merckx a 1974 da Stephen Roche a 1987, sannan ya sake lashe zagayen Faransa karo na huɗu a 2025. Na biyu shi ne leƙowar Afirka cikin fagen, inda Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a zagayen Faransa na 2024, ya kuma tafi da koriyar riga, wadda ake bai wa wanda ya fi tara maki a gudun ƙarshen zango, kafin birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi baƙuncin gasar zakarun duniya a watan Satumban 2025, karo na farko da aka kawo ta nahiyar.

Dalilin tattaruwar nasara yana cikin yadda wannan wasa yake samun kuɗi. Tseren keke ba shi da ƙofar shiga da za a sayar da tikiti, tunda hanya ta kowa ce, ɗan kallo yakan tsaya a bakin titi ya kalla kyauta ya koma gida, kuɗin haska gasa a talabijin kuwa akasarinsa yana tafiya ga kamfanonin da suka mallaki gasannin. Saboda haka kowace ƙungiya tana rayuwa ne da aljihun mai ɗaukar nauyinta, har sunanta ma nasa ne, kuma tun da gwamnatoci irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Baharain da manyan kamfanoni irin su Ineos da Red Bull suka shigo, tazarar da ke tsakanin masu hali da marasa hali ta ƙaru matuƙa. Tasirin kuɗin yana bayyana ne a kan hanya, domin tseren, duk da mutum ɗaya ake naɗawa, aikin gayya ne. Wanda ya laɓe a bayan wani yana tuƙi iska ba ta dukansa sosai, yakan kuma rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, shi ya sa a cikin mahaya takwas da kowace ƙungiya take kawowa babban zagaye, bakwai sukan zama 'yan rakiya, suna tare wa jagoransu iska, suna kawo masa ruwa daga mota, suna ba shi kekensu idan nasa ya yi faci. Ƙungiyar da ke da kuɗi takan sayi waɗanda za su iya zama jagorori a wani wuri ta mai da su 'yan rakiya, ta haka ta ƙarfafa kanta ta kuma raunana abokan hamayya a lokaci guda. Sakamakon ya taɓa Girmay kansa, domin ƙungiyar Intermarché da ya ci koriyar riga a cikinta sai da ta haɗe da ƙungiyar Lotto a ƙarshen 2025, yayin da Arkéa ta Faransa ta rushe gaba ɗaya don rashin mai ɗaukar nauyi.

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan da murnar da ake yi cewa Afirka ta iso. Ƙungiyar Qhubeka ta Afirka ta Kudu, wadda ta kai tutar nahiyar zagayen Faransa a 2015, shekarar da mahayinta Daniel Teklehaimanot ya sanya rigar gwanin hawan tudu, ta bar babban rukunin a ƙarshen 2021 saboda wannan matsala ta kuɗi. A Kigali kuwa, inda aka tsara wa maza hanya mai tsawon fiye da kilomita 260 cike da hawa, mahaya fiye da 160 ne suka tashi, 30 kaɗai suka kai ƙarshe, kuma ɗan Afirka guda ne a cikinsu, Amanuel Ghebreigzabhier, shi ma ɗan Eritiriya. Maimaituwar sunan Eritiriya ba dace ba ce. Italiyawa ne suka kai wasan can a zamanin mulkin mallaka, mutanen ƙasar suka karɓe shi ya zama nasu, har ya kasance a Asmara, birnin da ke kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, ana rufe tituna a kai a kai domin tsere, yaro yana tasowa yana ganin yayyensa suna fafatawa. Abin da ya haifi Girmay, ke nan, shi ne ƙaramar kaka ta cikin gida wadda ba ta yankewa.

Idan aka auna Najeriya da wannan ma'auni, sai a ga an fara gini daga sama. Ƙasar tana da rufaffen filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, ya kuma karɓi gasar tseren cikin fili ta nahiyar a 2022, tana kuma da Ese Ukpeseraye, wadda ta zama zakarar Afirka a tseren kwalta na mata a 2023, ta wakilci ƙasar a gasar Olamfik ta Faris a 2024, inda sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili. An yi ta cece-kuce a kan aron keken, amma abin da ya fi shi nauyi shi ne ƙasa mai yawan jama'a irin wannan ba ta da tseren zango-zango da ya kafu a jadawalin Afirka na UCI, alhali Burkina Faso tana gudanar da nata zagayen tun 1987, ba ta fasa shi sai don lalura irin ta annoba ko rashin tsaro, Benin da Kamaru ma suna da nasu.

Yankin Gwarzo da Kabo, a yammacin Jihar Kano, ya isa misali na abin da ake asara. Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta ƙasar Kabo ta kai Gwarzo, ya kuma san hanyoyin burji da suka ratsa zuwa Sabon Birni da Getso da Kutama da Lakwaya, ya san keke ba baƙo ba ne a nan. Da damina manomi yakan ɗaure fartanya da buhun taki a kariya ya nufi gona tun asuba, da kaka kuma akan ga an ɗora wa keke buhun masara ko dawa, mai shi ya miƙe tsaye a kan feda yana danna ta da dukan nauyinsa idan ya zo hawa, ko ya sauko ya tura idan yashi ya riƙe taya. A ranar kasuwa mai faci yakan baje a gindin bishiya da kwanon ruwa da famfo, yana nutsa tif yana neman inda kumfa take tasowa, yana gyara birki, yana ɗaure sarƙar da ta saki. Kano ta taɓa zama mazaunin masana'antar kekunan Raleigh a Bompai, kuma akwai zamanin da sabon keke yake cikin abin da saurayi yake nuna ya kawo ƙarfi da shi. Juriyar da mai horar da 'yan tsere yake shekaru yana nema tana nan a cinyoyin samarin da suke yin wannan zirga-zirga kullum, ba tare da kowa ya taɓa riƙe musu agogo ba.

Dalilan da suka hana wannan juriya zama wasa suna da yawa, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Tsada gaskiya ce, domin keken ƙwararru, wanda dokar UCI ta hana nauyinsa ya gaza kilo 6.8, yakan haura dala dubu goma, yayin da keken ƙauye na ƙarfe mai giya ɗaya yake ninka shi nauyi sau biyu ko fiye. Sai dai tsada ba ta hana farawa, tunda kekunan gwanjo masu giya suna shigowa kasuwannin Kano, kuma tsere tsakanin masu keke iri ɗaya tsere ne cikakke. Haɗarin hanya ma gaskiya ne, domin kwaltar da ba a rufe ba, wadda manyan motoci da babura suke rububi a kanta, ba wurin da za a saki ayarin yara ba ne, kuma rufe ta na 'yan sa'o'i yana buƙatar yardar hukuma da haɗin kan jami'an tsaro. Abin da ya fi waɗannan zurfi shi ne faɗuwar darajar keke tun da baburan ƙasar Sin da na Indiya suka yi araha, har ta kai saurayi yana ɗaukar keke a matsayin matakin da ake fata a wuce, mai hawansa kuma ana yi masa kallon wanda bai samu ba. Wasa ba ya tsiro a kan abin da mutane suke jin kunyarsa.

Duk da haka, ƙasar Hausa ta san abin da ake nufi da kakar wasa tun kafin a ji sunan UCI. Dambe da kokawa suna da lokacinsu bayan an kawar da amfanin gona, 'yan wasa suna bin garuruwa, makaɗa suna yi musu kirari, masu hali suna yin kari, kuma a Nijar gasar kokawa ta takobi, wadda aka fara a 1975, tana zagaya jihohi har ta zama abin da ƙasa gaba ɗaya take jira. Babu ɗayan waɗannan da ya fara da katafaren gini. Sun fara ne da sanannen lokaci, da sanannen fage, da 'yan kallon da suka tabbata baɗi ma za a yi, kuma wannan tabbacin shi ne yake sa yaro ya yi atisaye, ɗan kasuwa ya sa kyauta, gari ya yi alfahari da gwaninsa. Tseren keke a Eritiriya da Burkina Faso ya tsaya ne a kan irin wannan ginshiƙi.

Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya kai litar mai daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, ya sa mutane da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa, a birni da ƙauye. Wannan komawa ta tilas ce, kuma tilas kaɗai ba ta ɗaga darajar abu, tana iya ma ƙara tabbatar da cewa keke na mai ƙaramin ƙarfi ne. Amma ta ƙara yawan mahaya, ta farfaɗo da sana'ar masu gyara, ta kuma zo a daidai lokacin da wayar hannu take kawo wa matasa hoton baƙar fata irinsu sanye da koriyar riga a Faransa. Hukunci mafi adalci a nan shi ne cewa babbar kakar Turai, da irin kuɗin da take ci yanzu, za ta ci gaba da ɗaukar 'yan Afirka ɗaiɗaiku daga ƙasashen da suka riga suka tace su a gida, kuma yankin da bai da gasar da za ta nuna wa duniya lokacin da yaronsa ya yi a kilomita 40 ba zai shiga lissafinta ba. Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo suna da makarantun sakandare, suna da kwalta, suna da watannin sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu da aikin gona yake sauƙi, rana kuma ba ta da zafi, kuma tsere na rukuni biyu, ɗaya na keken giya ɗaya, ɗaya na mai giyoyi, a ranar da aka tsayar kowace shekara, ba zai ci kuɗin da gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin shugaban ƙaramar hukuma take ci ba.