Ɓacewar mashigar siriyal a Linux

Ɓacewar mashigar siriyal matsala ce da ake samu a Linux, inda manhaja ke neman na'ura kamar /dev/ttyUSB0 ta rasa, alhali na'urar tana jone.

Dalili

Galibi rige-rige ne ke jawo ta. Lokacin kunna kwamfuta, manhajar kan tashi kafin a gano na'urar, ko kafin udev ya gama saita ta. Idan na'urorin biyu ne, wadda aka fara ganowa ita ke ɗaukar ttyUSB0, shi ya sa sunayen kan sauya.

Magani

Ana duba dmesg domin tabbatar da an gano na'urar. Sai a sa manhajar ta jira da umarnin udevadm settle, a kuma riƙa kiran na'urar da sunanta na dindindin da ke cikin /dev/serial/by-id.