Kakar 2023/24: Kafin mu ƙirga 'yan wasa, mu leƙa bencin Sai Masu Gida

A 2023, Kano Pillars ta dawo gasar Firimiyar Najeriya bayan ta yi kaka guda a rukuni na biyu. Ta hau ne tare da Heartland ta Owerri, Sporting Lagos da maƙwabciyarta Katsina United. Tun daga lokacin, a gidajen kallon Miga da Jahun da Haɗeja, tambaya ɗaya ake ta jefa wa juna: wane ɗan wasa aka sayo? Mu dai a wannan shafin muna so ƙannenmu na sakandare su ƙara wata tambayar a kai: su wa za su zauna a benci, kuma wane aiki kowannensu zai yi?

Wani zai ce me ya haɗa ɗan Jigawa da ƙungiyar Kano. An kafa Pillars a 1990, an ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Ke nan ranar da aka kafa ƙungiyar, Miga tana cikin Jihar Kano, shi ya sa iyayenmu da yawa ba su taɓa ɗaukar ta baƙuwa ba. Tamu ta gida kuwa, Jigawa Golden Stars, ta hau Firimiya a 2019, ta faɗo a 2021. Kafin ta sake hawa, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata shi ne wuri mafi kusa da za mu ga babbar gasar ƙasar nan ido da ido.

Sabon koci, tsohon hannu

Evans Ogenyi ne ya hauro da Pillars daga rukuni na biyu, amma ba shi ya ja ragamar kakar 2023/24 ba. An miƙa aikin ga Abdu Maikaba, wanda ya baro Enugu Rangers. Maikaba ya daɗe yana shan rana a bakin fili. A 2016 ya kai Wikki Tourists ta Bauchi matsayi na uku a teburin gasar, abin da ya ba ta tikitin buga gasar Afirka. A 2017 ya ci Kofin Aiteo da Akwa United, bayan sun doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Ya kuma horar da Plateau United ta Jos kafin ya tafi Enugu.

Wannan tarihi ya isa a sa rai. Sai dai idan muka lissafa waɗanda suka riƙe Pillars daga 2019 zuwa 2023, za mu ga Ibrahim Musa, sai Bafaranshe Lionel Soccoia, sai Salisu Yusuf, sai Ogenyi, sannan Maikaba. Kowane sabon koci da salonsa yake zuwa, da irin 'yan wasan da yake so, sau da yawa har da mataimakansa. Ɗan wasan da ya yi shekara huɗu a ƙungiyar kamar ɗalibi ne da ake canza masa malamin lissafi kowane zango, kowanne kuma ya ce a koma shafin farko.

Tarihin Pillars ɗin kansa ya nuna amfanin haƙuri. A wasan ƙarshe na Kofin Aiteo na 2018 a Asaba, Pillars tana gaba da ci 3-0, Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Da a wani wurin ne, da washegari koci ya karɓi takardar sallama. Aka bar Ibrahim Musa a kan aikinsa. Shekarar da ta biyo, 2019, ya ɗauko wannan kofin a Kaduna. Haka nan kofunan Firimiya huɗu da ƙungiyar ke tinƙaho da su, na 2008, 2012, 2013 da 2014, biyu daga ciki a hannun mutum ɗaya suka zo a jere, wato Mohammed Babaganaru.

Abin da Amurkawa suka gane

Don mu fahimci aikin benci sosai, bari mu leƙa wani wasa da ba a buga shi a unguwanninmu, wato ƙwallon ƙafar Amurka. Suna ce masa ƙwallon ƙafa, amma ya fi kama da zari-ruga: ƙwallon dogo ne kamar ƙwai, a hannu ake ɗaukarsa, 'yan wasa kuma suna sa hular kwano. Babbar gasarsu, NFL, tana da ƙungiyoyi 32, kowacce tana buga wasa 17 kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ita ma a watan Satumba take farawa. Wasan ƙarshe shi ake kira Super Bowl.

Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 53, amma 11 ne a fili a lokaci guda, kuma ana canji ba iyaka. Akwai rundunar kai hari, akwai ta tsaron gida, akwai ta uku da ke shiga idan za a yi bugu da ƙafa. Kowace runduna da shugaban masu horar da ita, a ƙarƙashinsa kuma kowane gurbi da nasa malamin. Idan aka haɗa, masu horarwa a ƙungiya ɗaya sukan haura 20. Babban koci shi ne ke raba aiki, ya saurari kowa, ya yanke hukunci.

Zakarun da suka shiga kakar 2023 da kambi a hannu su ne Kansas City Chiefs, ƙungiyar da ɗan Enugu Christian Okoye ya buga wa daga 1987 zuwa 1992. Babban kocinsu, Andy Reid, yana kan kujerarsa tun 2013. Dave Toub, mai kula da rundunar bugu da ƙafa, shekarar suka fara tare. Steve Spagnuolo yana riƙe da tsaron gida tun 2019, kuma shi ne ya jagoranci tsaron New York Giants a kakar 2007, lokacin da Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya, ya ci Super Bowl ɗinsa na farko. Da mai kula da kai hari, Eric Bieniemy, ya koma Washington a farkon 2023, ba su je nesa neman wani ba, suka ɗaga Matt Nagy da ke cikin gidan.

A watan Fabrairun 2023, an tafi hutun rabin lokaci Philadelphia Eagles tana gaban Chiefs da maki 24-14. Aka tashi wasa 38-35, Chiefs ce da kofi. 'Yan wasan da suka fita su ne suka dawo. A 'yan mintunan hutun, kowane malami ya zauna da nasa yaran ya gyara abin da ya hango. Reid ɗin nan kuwa tun 1999 yake babban koci, amma sai a 2020 ya ci Super Bowl na farko a wannan matsayi.

Ƙungiyoyin Turai da muke kallo kowane ƙarshen mako ma sun bi wannan hanya. A 2018 Liverpool ta ɗauki Thomas Grønnemark don ya koyar da jifa kawai. A 2021 Arsenal ta ɗauki Nicolas Jover don bugun kusurwa da bugun tazara.

Aikin da ke jiran bencin Pillars

Ba mu ce Pillars ta ɗauki mutum 20 ba, aljihunta ba irin na Amurkawa ba ne. Amma ayyukan suna nan, ko mutum biyar ne za su raba su. Akwai mataimakin koci, wanda ke tafiyar da atisayen yau da kullum. Akwai mai horar da masu tsaron raga, domin golan da ya yi gudu tare da 'yan gaba duk safiya bai koyi kama ƙwallo ba. Akwai mai kula da ƙarfin jiki, da likita, da mai gashin ƙashi da tausa. Akwai mai nazarin abokan karawa, da mai kula da kaya. Kakar 2023/24 ta zo da gwaji ga kowannensu ta fuska huɗu.

Na farko, tsawon kakar. A kakar 2022/23 an gajarta gasar, aka raba ƙungiyoyi rukuni biyu, Enyimba ta Finidi George ta zama zakara. A kakar 2023/24 an koma tsohon tsari: ƙungiyoyi 20, wasa 38 ga kowacce, huɗun ƙarshe su faɗa. Ƙungiyar da ba ta da mai kula da ƙarfin jiki na kirki takan fara da zafi, ta ƙare da 'yan wasa a gadon jinya.

Na biyu, tafiye-tafiye. Wasa 19 ake bugawa a waje. Wikki Tourists da El-Kanemi Warriors da Nasarawa United duk sun faɗa a 2023, don haka tafiye-tafiyen kusa sun ragu a kakar 2023/24. Jadawalin wannan kakar ya ƙunshi zuwa Uyo da Fatakwal da Aba da Legas da Ibadan, galibi a mota. Wanda ke tsara ranar tashi, wurin kwana da abin da za a ci yana da hannu a sakamakon kamar mai bugun fenariti.

Na uku, gida. Pillars ta taɓa yin shekara 12 ba a doke ta a wasan gasa a gida ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya tarihin. Amma a kakar da ta faɗa, a 2022, hargitsi a filin wasa ya jawo aka cire mata maki, aka kuma kai wasanninta na gida wani gari. Wannan ɓangaren ya shafe mu 'yan kallo kai tsaye. Dutse ɗaya da wani ya jefa zai iya cinye makin da koci da yaransa suka yi mako guda suna wa gumi.

Na huɗu, magada. Kyaftin Rabi'u Ali, wanda magoya baya ke kira Pele, ya haura shekara 40, a 2023 kuma ƙafarsa ake dubawa idan an sami bugun tazara. Aikin benci ne ya san wasan da zai buga da wanda zai huta, ya kuma fara renon wanda zai gaje shi tun yana nan.

Hasashenmu kafin kakar 2023/24 shi ne, ƙungiyar da ta hauro daga ƙasa, da sabon koci, abin da ya kamace ta da farko shi ne ta zauna daram. Idan Pillars ta riƙe gida, ta tsinto maki a waje, ta ƙare a rabin sama na teburi, kaka ta yi kyau. Babban abin sa ido a lokacin shi ne ko Maikaba da mutanensa za su kai wasa na 38 a kan benci, ko kuwa za a sallame su da an sha kashi uku a jere.

Namu bencin fa?

A yawancin makarantunmu, malamin wasanni ɗaya ne koci, shi ne alƙali, shi ne likita, shi ne mai ajiye ƙwallo, ga kuma darasin da yake koyarwa a aji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu da muka tashi a fadamar kogin Haɗeja mun san yadda ake noman shinkafa: wani na dashe, wani na ban ruwa, wani kuma tun asuba yana korar jan-baki. Idan mai korar tsuntsu ya yi barci, wahalar sauran ta tashi a banza.

A aji mai ɗalibai 50, waɗanda za su ci abinci da buga ƙwallo ba su da yawa, wataƙila ma babu ko ɗaya. Aikin benci kuwa ya fi faɗi, ya kuma fi daɗewa. José Mourinho ya taɓa yin tafinta, yana fassara wa Bobby Robson a Sporting ta Lisbon a 1992. Andy Reid bai taɓa buga wasa a NFL ba. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, tana da lasisin horarwa mataki-mataki, daga D zuwa C, B, A, har na ƙwararru. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas tana horar da masu horarwa. Jami'ar Bayero a Kano tana koyar da ilimin motsa jiki, tana kuma koyar da gashin ƙashi. Duk waɗannan ƙofofin da sakamakon WAEC ko NECO ake buɗe su, musamman Turanci, lissafi da bayoloji. Kuma ba su rufe ga 'yan mata ba.

Ga abin da za ku iya farawa da shi a wannan zangon, ko da filin makaranta bai gama tsanewa daga ruwan damina ba. Ku sami malamin wasanninku ku roƙe shi ya raba muku aiki. Mutum ɗaya ya riƙe littafi, ya rubuta duk ƙwallon da aka zura muku, a minti na nawa, daga wane ɓangare, bayan kusurwa ne ko a cikin wasa. Wani ya riƙa ware masu tsaron raga na minti 20 yana buga musu. Wani ya koyi taimakon gaggawa, ya kula da ruwan sha, domin zafin bazarar Jigawa ba ya wasa da mai gudu. Wani ya je ya kalli makarantar da za ku kara da ita, ya dawo da suna ko lambar wanda ya fi ba da wahala da ƙafar da yake bugu da ita.

Bayan wasa biyar ku buɗe littafin tare. Idan kuka ga rabin ƙwallayen da aka ci ku a minti 15 na ƙarshe suka shiga, matsalar numfashi ce, a ƙara gudu. Idan daga kusurwa suke zuwa, a gyara tsayuwa. Irin wannan lissafin ne koci da mataimakansa za su riƙa yi a Kano kowace Litinin da safe, kuma littafin rubutu mai shafi 40 da biro ɗaya sun ishe ku farawa.